Giwa Mai Fikafikai: Yadda Kunnen Zongo Ke Jin Faifan Woyaya

Jama'a masu sauraro, na Agoè-Zongo da Togblékopé a Lome, da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Aflao, da direbobin manyan motoci da ke jiran takardu a Terminal du Sahel kafin su kama hanyar arewa: Sharhin yau a kan faifai guda ne. Ya haura shekara 50 da fitowa, amma har gobe akwai dattawa a unguwar nan da in aka sa shi sai su ɗaga hannu a yi shiru. Sunansa Woyaya, na ƙungiyar Osibisa, kuma a Landan ya fito a shekarar 1971.

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalinsa ba ya mantawa. Giwa ce aka zana da fikafikai irin na ƙwaro, tana shawagi a sama. Mai zanen, Roger Dean, shi ne ya zo ya yi suna da zanen kwalayen ƙungiyar Yes ta Ingila, kuma wannan na cikin abin da ya sa masu shagunan faifai a Turai ke jera Woyaya a layin kiɗan rok mai zurfi, irin wanda ake tsawaitawa, a yi ta juya shi, a cusa masa jaz. Wanda ya tsara ɗaukar sautin, Tony Visconti, shi ne wanda ya yi aiki da David Bowie. Faifan ya hau har matsayi na 11 a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, daidai inda faifansu na farko ya tsaya 'yan watanni kafin nan. Lissafin Birtaniya bai dami kowa a Lome ba. Cikin masoyansa akwai waɗanda ko sunan faifan ba su riƙe ba, mai giwa kawai suke ce masa.

Zamanin da ya fito zamani ne da makaɗan duniya suka rushe katangar da ke tsakaninsu. A 1970 Miles Davis, babban mai busa na jaz a Amurka, ya fitar da Bitches Brew, faifai mai cike da jitar lantarki da fiyanon lantarki. A wannan shekarar Santana ya fitar da Abraxas, inda jitar rok ta hau kan gangunan Latin Amurka. A 1971 Mahavishnu Orchestra ta biyo da nata salon mai gudu da lissafi. Su 'yan jaz suna neman ƙarfin rok, su kuma 'yan rok suna neman 'yancin jaz, wato damar da mai busa ko mai jita ke samu ya ƙirƙiri abin da zai faɗa nan take, ba tare da an rubuta masa ba. Dukkansu kuma, in aka bi diddigi, ganga suke nema. Osibisa ba su je neman ganga ba. Da ita suka iso Landan.

Mutum bakwai ne. Uku 'yan Ghana: Teddy Osei, haifaffen Kumasi a 1937, mai saksofon da sarewa, shi ne jagora; ƙanensa Mac Tontoh mai turampet; da Sol Amarfio mai ganguna. Ɗaya ɗan Najeriya, Lasisi Amao, mai konga da saksofon. Uku kuma jikokin waɗanda aka kwashe daga gaɓar tekun nan aka kai tsibiran Karebiyan: Wendell Richardson na Antiguwa mai jita, Robert Bailey na Tirinidad mai ogan da fiyano, da Spartacus R na Giranada mai jitar bes. Teddy da ƙanensa sun goge a kiɗan hailaif tun suna Kumasi, a ƙungiyarsu ta Comets. Teddy ya tafi Landan a 1962 karatun kiɗa, ya sha gwagwarmayar baƙunta, sai a 1969 ya jawo ƙanensa da Amarfio suka kafa Osibisa.

Abin da ya kawo faifan da aka ɗauka a Landan cikin Zongon Lome ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san garin. Lome gari ne da bakin iyaka ke cikinsa. Mutum na iya fitowa daga Kodjoviakopé ya taka da ƙafa ya shiga Ghana, kuma daga nan zuwa Accra bai kai kilomita 200 ba. Rediyon Ghana na shigowa tangaram. Fataken goro da na shanu da 'yan koli kullum suna kan hanya tsakanin Zongon Lome da Nima da Sabon Zongo na Accra da Zongon Kumasi, kuma a cikin kayan fatake ba a rasa faifai. Sannan a Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga Ghana. Dubban ɗaruruwan mutane suka kama hanya, Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da sauransu, da yawansu ta Aflao suka ratso. Wasu suka wuce, wasu suka sauke kaya a Lome. Samarin cikinsu da Ghana ta raina sun zo da kunnen hailaif, da Turancin Accra, da son duk abin da ke fitowa daga can.

A daren 6 ga Maris 1971, ranar cikar Ghana shekara 14 da samun 'yanci, aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star na Accra. Wilson Pickett ya zo, Ike da Tina Turner sun zo, Roberta Flack ta zo, Santana ya zo, Les McCann da Eddie Harris 'yan jaz sun hau dandamali tare da wani mai kaɗa ƙwarya daga arewacin Ghana. An kwana ana kiɗa. Bayan wannan dare, duk saurayin da ke riƙe da jita daga Takoradi zuwa Kwatano ya san cewa ana iya ɗora ƙarar lantarki a kan gangar gida. Ita ma Togo ba a bar ta a baya ba: tun 1969 Bella Bellow ta ɗauki Rockia tare da Manu Dibango, kuma muryarta ta cika Radio Lomé har zuwa rasuwarta a haɗarin mota a Disamba 1973. A cikin wannan yanayi Woyaya ya sauka.

Yanzu a juya ga faifan kansa, domin a nan maganar take.

Fuskar farko waƙa uku ce, ta biyu huɗu, duka minti 40 da ɗan ɗoriya. Allura na sauka a kan waƙar farko, Beautiful Seven, abin da ake fara ji tsawa ce da ruwan sama. Sarewar Teddy Osei ta ratso a hankali, ogan ya shimfiɗa mata wuri, ganguna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke gaggawa. Mai sauraron yau da ya saba waƙa ta kai amshi cikin daƙiƙa 20 zai ce ba a fara ba tukuna. Dattijon da ya san faifan yakan ce masa ya dakata, sallama ake yi. Kuma gaskiyarsa. Makaɗin Hausa ma ba ya faɗa wa waƙa kai tsaye. Sai ya share fage, ya gwada hannun 'yan amshi, ya bari taro ya natsu. Wanda ya taso yana jin yadda makaɗan fada ke buɗe wasa ba zai ƙosa da minti biyu na shimfiɗa ba.

Waƙa ta biyu, Y Sharp, ita ce wadda masu zurfin kunne suka fi tsayawa a kai, kuma kusan babu magana a cikinta. Jitar Wendell Richardson ke buɗe baki da wannan sautin da ake matse shi da feda ta ƙafa har ya yi kamar yana cewa wa-wa. Masu busa uku su amsa masa da murya ɗaya. Ya sake, su sake. Abin kamar cinikin sa a kara: wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a ƙara, a ja, dillali na tsakiya yana riƙe da hannun kowa, shi ne mai bes, wanda ba ya ɗaga murya amma in ya saki ciniki ya watse. Can sai kowa ya ja baya a bar mutum ɗaya da fili, ya faɗi nasa son ransa, sa'an nan a dawo a haɗu a kan jigon da aka faro da shi. Wannan barin fili shi ne gadon jaz a cikin faifan. Ƙarar jita da nauyin dukan ganga gadon rok ne. Amma abin da ke ƙasa yana ɗauke da su duka, wato yadda konga da ƙararrawar ƙarfe da manyan ganguna ke tafiya kowanne da ƙidayarsa ba tare da sun yi karo ba, wannan na gaɓar tekun nan ne. Mutumin Zongo yana jin irinsa duk ranar da maƙwabtansa Ewe suka fito da gangunan agbadza wajen makoki, ƙararrawa na riƙe da lokaci, sauran na zagaye ta.

Spirits Up Above, wadda ta rufe fuskar farko, ba tasu ba ce. Ta Roland Kirk ce, makahon mai busa na Amurka da ya shahara da busa ƙaho uku a baki lokaci guda. Ɗaukar waƙarsa da suka yi sanarwa ce cewa su ma 'yan gidan jaz ne, ba 'yan rakiya ba. Sun faro ta a sanyaye, da muryoyi masu yawa, sannan suka ɗaga ta suka miƙa wa mai jita. A fuska ta biyu Survival ta buɗe da ganguna zalla da kururuwar baki kafin masu busa su shigo, Move On ta biyo baya da saurinta.

Sai Rabiatu. Ba gida a Zongo da za a rasa mai wannan suna, ko uwa, ko gwaggo, ko ƙanwa, kuma ba sai an yi dogon bayani ba kan yadda saurayin 1972 zai ji in ya ɗauko faifan da aka buga a Ingila ya ga sunan 'yar unguwarsu a bayan kwali. Waƙar tana tafiya a kan bes mai taushi da sarewa, muryoyi na amsawa tare, daga ƙarshe a sakar wa masu ganguna. Ita ce ƙofar da mutane da yawa suka bi suka shiga faifan. Sun zo don suna, suka zauna don kiɗa.

Ta ƙarshe, wadda faifan ya ci sunanta, ta fi kowacce sauƙi kuma ta fi kowacce nisan tafiya. Waƙar matafiya ce, ta mutanen da suka kama hanya mai wuya suna da yaƙinin isa. Art Garfunkel ya sake rera ta a Amurka a 1973, gidan talabijin na Ghana ya mai da ita taken wasan kwaikwayon Osofo Dadzie, har ta zama kamar waƙar ƙasa ta biyu a can. A kunnen wanda aka ba mako biyu ya tattara kayansa daga Kumasi, ko wanda kakansa ya taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna ya zo ya kafa gida a bakin teku, wannan waƙa ba ta bukatar tafinta.

Akwai ƙorafi, kuma ƙorafi ne mai tushe. Bahaushe mai son waƙa magana yake bi. Abin da ya ɗaga Mamman Shata ba kalangu kaɗai ba ne, abin da yake ɗorawa a kai ne: kirari, habaici, zambo, labarin gari da na mutane. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasa guda saboda abin da bakinsa ke faɗa. Narambaɗa, har yau malaman jami'a na fashin baƙin kalmominsa. Wanda aka raina da wannan, in aka sa masa Y Sharp, yana da hakkin ya tambaya: to me suka ce? An yi minti shida ana busa, ba a yabi kowa ba, ba a yi wa kowa gugar zana ba, ba a ba da labari ba. A majalisun da ake sa faifan, wannan gardama ba ta taɓa mutuwa ba, kuma masu yin ta ba jahilan kiɗa ba ne. Ta fuskar kalmomi, Woyaya ba ya kama ƙafar Shata, kuma duk mai son faifan da ya musa haka son zuciya ya bi.

Sai dai masu kare faifan suna da amsa, kuma daga cikin gida suka ɗauko ta. Amsar ita ce take. Ɗan dambe yana zaune a gefen fili, makaɗi ya canja hannu a kan kalangu, bai buɗe baki ba, sai ka ga mutum ya zabura tsikar jikinsa ta tashi, domin an kira shi. Mahauci ya san takensa, manomi ya san nasa a gangar noma, sarki ya san nasa a tambari da algaita da kakaki. Al'ummar da ta yarda cewa fata da itace da ƙarfe suna magana, ba za a koya mata sauraron turampet ɗin Mac Tontoh ba. Masoyan Woyaya na Zongo da wannan kunnen suke jin sa. Ba su cewa an yi solo mai kyau, irin maganar mujallun Turai. Cewa suke: ji yadda ya ba shi amsa. Ko su ce mai jitar nan ya cika baki, amma mai busa ya kwantar da shi. Ko su ce kiɗan nan yana da nauyi, wanda shi ne babban yabo, kishiyar kiɗan da suke kira holoƙo. A ganin mai wannan sharhi, wannan sauraro ya fi na masu jera faifan kusa da Yes kusanci da abin da mutum bakwai ɗin nan suka nufa. Turai ta ji sabon abu mai ban mamaki. Zongo ta ji zance, ta kuma bi shi tana tantance wanda ya yi gaskiya da wanda ya yi surutu.

Su ma manyan jaz sun san da wannan dangantaka tsakanin kiɗansu da na gida. Yusef Lateef, Musulmi ɗan Amurka, gwanin saksofon da sarewa, ya bar ƙasarsa ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya duƙufa a kai. Mutumin da ya yi wasa da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley ya ga akwai abin koyo a wajen makiyayi mai busa a bayan shanu.

Wani abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne cewa da yawa cikin samarin da suka yi rawa da wannan faifai yanzu alhazai ne, wasu limamai, wasu masu unguwa. Akwai wanda ya ajiye kiɗa gaba ɗaya bisa fahimtarsa ta addini, kuma wannan matsayi ne da ake girmamawa. Akwai wanda ya bar rawa da wuraren rawa amma bai bar saurare ba, yana ɗakinsa ko shagonsa, sauti ƙasa-ƙasa, in an kira salla ya kashe. Irin waɗannan su ne suka fi iya bayanin faifan, domin sun daina jin sa da ƙafa, sun koma jin sa da kai. Tela ne zai tsayar da keke ya ce a mayar da wurin nan baya, ya nuna da ɗan yatsa daidai inda mai konga ya saɓa wa mai ganguna da gangan, suka yi tafiya a rabe, sannan suka haɗu a kan bugu ɗaya. Mai gyaran rediyo ne zai yi bayanin dalilin da ya sa bes ɗin Spartacus R ke ɓacewa a lasifikar waya: ƙaramar lasifika ba ta iya motsa iskar da sauti mai kauri ke bukata, don haka wanda ya ji Woyaya a waya kawai ya ji rabinsa ne, an cire masa ƙashin baya.

Faifan garmaho kuwa abu ne mai laulayi. Ba ya son rana, ba ya son laima, ba ya son ƙaura, kuma Zongo ta ga ukun. A 1977 hukuma ta rushe tsohuwar Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanenta zuwa wajen gari ta arewa, tafiyar kilomita goma sha wani abu, inda unguwar take a yau. Masanin Faransa Michel Agier, wanda ya zauna da mutanen bayan tashin, ya rubuta littafi a 1983 a kan fatakenta da masu gidajenta da dillalanta, ya nuna yadda zumunci da ciniki suka riƙe al'ummar ba ta watse ba. Amma wanda aka ce ya kwashe gidansa, tabarma da tukunya da Alƙur'ani da takardun bashi zai fara ɗauka, ba kwalin faifai ba. Abin da ya tsira daga ƙaura, kaset ya zo ya ture shi, abin da ya tsira daga kaset kuma ya gamu da damina a ƙasar da kogin Zio ke malalowa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2008. Shi Woyaya bai ɓata ba, domin kamfanoni a Turai sun yi ta sake buga shi, kuma yau yana intanet. Wanda ya kusa ɓata shi ne ɗan'uwansa na gida.

Domin Togo ma ta yi nata. A 1972, shekara ɗaya bayan Woyaya, ƙungiyar Orchestre Abass ta fitar da ƙananan faifai biyu a kamfanin Polydor, an ɗauke su a Ghana. Jagoranta Malam Issa Abass, mai ogan da jita. Sunayen waƙoƙin kaɗai sun isa su sa ɗan Zongo ya gyara zama: Haka Dunia, Samarin Banza. Kiɗa ne mai zafi, ogan ɗinsa na da kaifi, kuma yadda sautin ke lanƙwasa yana nuna kunnen da ya saba da karatun allo da ƙira'a. Ba su yi tsawon Osibisa ba, ba su kuma zurfafa cikin jaz kamarsu ba, amma hanya ɗaya suka kama: kayan lantarki a sama, gangar gida a ƙasa, sannan suka ƙara abin da Osibisa ba su da shi, wato harshen unguwa. A arewacin Ghana ƙungiyar Uppers International na yin irin wannan, da waƙarsu Dankasa, a arewacin Benin kuma akwai Super Borgou ta Parakou.

Malam Issa Abass ya rasu a 1993, shekarar da rikicin siyasa ya kori dubban mutanen Lome zuwa Ghana da Benin. Gurneti aka jefa masa a ɗakin kwanansa. Zaren sautin da ƙungiyarsa ta ɗauka, har da wanda ba a taɓa fitarwa ba, ya yi shekaru a cikin kwalaye a wani sito a Accra, tun bayan da kamfanin PolyGram ya rufe reshensa na Ghana ya tafi ya bar su. A 2008 Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa da ke Frankfurt a Jamus, ya ci karo da su yana tonon tsoffin zaruruwa. Kimanin shekara 10 bayan haka ya fitar da waƙa shida a faifai mai suna De Bassari Togo. Yau matasa a Balin da Paris da Tokyo suna rawa da Samarin Banza ba su san ma'anar ko kalma ɗaya ba, alhali a unguwar da kowane yaro zai fahimci waƙar daga farko har ƙarshe, da wuya a sami matashi ɗaya cikin taro da ya taɓa jin sunan Abass.

Wannan abu yana da ciwo, kuma ba laifin yaran ba ne. Yaro ba ya neman abin da bai san akwai shi ba. Matasan Zongo na yau suna da kunne. Suna bin Toofan, suna bin mawaƙan Legas da na Kano da na Nima, wasunsu na haɗa kiɗa a kwamfuta a ɗaki ɗaya da lasifika biyu, kuma suna neman sautin da zai bambanta su da kowa. Sautin yana nan, iyayensu ne suka ji shi suka yi shiru. Gidajen rediyon Lome da ke da shirye-shiryen Hausa suna da rabonsu na alhaki, domin waƙar minti bakwai ba ta shiga tsakanin talla biyu, sai a tsallake ta a sa mai minti uku. Dattawan da suka san faifan su ma suna da nasu: sun riƙe shi a matsayin sirrin ƙuruciya, abin da ake tunawa da abokan zamani kawai, maimakon su zaunar da jika su ce masa saurari nan, ka gaya mini wa ya ba wa amsa.

Lokaci kuma yana tafiya da masu abin. Mac Tontoh da Spartacus R sun rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei kuma ya rasu a Landan a Janairu 2025 yana da shekara 87. Masu sauraron farko na Zongo tsararrakinsu ne ko ƙannensu, kuma abin da suka sani game da inda ake sayen faifai a tsohuwar unguwa, da wanda ya fara mallakar garmaho mai lasifika biyu, da ƙungiyoyin da suka yi wasa a bukukuwan aure, yana cikin kawunansu ne kawai. Duk mai waya a aljihu yana da na'urar ɗaukar murya, kuma hira da kaka ba ta bukatar izinin kowa.

Ga mai son gwadawa, sharaɗin faifan ɗaya ne: a ji shi a jere, daga tsawar farko har waƙar matafiya, da lasifika mai ɗan girma, ba a tsallake ba. Bayan wannan sharhi za a sa Y Sharp cikakkiya ba tare da katsewa ba, sai Rabiatu, sannan Haka Dunia ta Orchestre Abass. Layukan waya za su kasance a buɗe bayan nan, musamman ga iyayenmu da suka zauna a tsohuwar Zongo kafin 1977, maza da mata, waɗanda suka ga Malam Issa Abass da idonsu ko suka riƙe kwalin mai giwa da hannunsu.